Bugu Biyu a Jikin Mota

SHAFI NA 19

Masu cewa na cika jan rai, na ji ku. Ke kuma da kika rubuto wai babu kamfanin da zai yi wa ma'aikacinsa haka a cikin Abuja, Allah ya bar ki da rashin saninki, hutu ne. Ni shekara biyar na yi ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar sito, idona ya ga abin da ya gani. Mu koma Kuje.

*

Ranar Lahadi da hantsi Rakiya tana tsugune a bakin rijiyar gidan mai ɗori, tana wanke zanen da ta zare daga ƙarƙashin mijinta. Sau uku tana sauya ruwa, warin ya ƙi fita.

Kwana huɗu ke nan Tawfiq yana kwance a ɗakin baya, ƙafarsa ta dama ɗaure cikin karare da tsumma. An ce mata mashin ne ya kwashe shi a titi bayan ya tashi daga aiki. Wanda ya faɗa mata kuwa ba mutumin da za ta yi wa musu ba ne. Yayanta ne Nazeer, uwa ɗaya uba ɗaya, manajan sito a kamfanin rarraba kayan masarufi da Tawfiq ke yi wa lodi da kai kaya. Shi ya samo masa aikin, shi kuma ya kawo shi gidan nan da kansa.

"Maman Ameera?"

Rakiya ta ɗago. Wata gajeriyar mata ce da kayan coci a jikinta, ta rungume baƙar leda a ƙirji.

"Sunana Perpetual. Ni ke rubuta kaya in za su shiga mota, a wurin aikin maigidanki."

"Ayya, sannu da zuwa. Dubiya kika zo? Bari in ba ki kujera."

"Bar kujera, madam. Yau a coci na kasa waƙa. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na ce wa mijina ya kawo ni nan."

Ta miƙa mata ledar.

Rakiya ta goge hannu a zani ta kwance. Rigar aiki ce mai ruwan lemo, da sunan kamfani a baya. An tsarge ta da reza tun daga wuya har ƙasa. Gefenta ya bushe ƙamas da jini, katin shaida na maƙale a aljihu, hoton Tawfiq yana murmushi a jiki.

Sai a lokacin ta tuna da singileti kawai ta same shi ranar Alhamis.

"A ina kika samo wannan?"

"A kwandon shara na bayan sito. An ce a ƙona, na ɗauke."

"Me zai kai rigarsa sito? Ai a titi mashin ya..."

"Babu mashin, madam. Ko ɗaya babu. A cikin kamfani ne, a gaban idona."

Rakiya ta nemi bakin rijiya ta zauna. Wallahi tsoro ne ya kama ta.

"Faɗa min."

Perpetual ta waiga ƙofar gida, ta rage murya. Hausarta irin ta Abuja ce, mota namiji, direba ma namiji, amma babu kalmar da ta ɓace wa Rakiya.

"Akwai dakali da mota ke juyo baya ya tsaya a yi masa lodi. Tsayinsa ya kai ƙirjina. Tsakanin dakali da bayan mota akwai rami, kamar taku ɗaya. Da akwai ƙarfe mai faɗi da ake shimfiɗawa su taka su wuce. Tun bikin Ista ƙarfen ya karye. Tsallakawa suke yi da katan a kai."

"Ba a gyara ba?"

"A takarda an gyara."

"Ci gaba."

"Waji ma, katakon da ake tare taya da shi, an daina sawa. Wai yana ɓata lokaci. Kuma wurin gangare ne, in aka saki mota baya yake dawowa."

Rakiya ta damƙe rigar a kan cinyarta.

"A wurinmu babu fitila, babu ƙararrawa. In an gama lodi, a buga jikin mota sau biyu da tafin hannu. Direba ba ya ganin baya. Da ya ji bugu biyu, ya tafi. Shi ya sa doka ɗaya ce kowa ya sani, ko sabon zuwa: babu mai bugawa sai wanda ya fito daga cikin mota a ƙarshe."

"To?"

"Maigidanki bai gama ba. Ƙafa ɗaya a mota, ƙafa ɗaya a dakali, katan ɗin man gyaɗa a kansa. Sai aka buga."

"Innalillahi."

"Mota ya ja, ya faɗa ramin. Muka yi ihu. Direba ya rikice ya saki, mota ya dawo baya ya matse ƙafarsa da siminti. Na ji ƙaran, madam. Har yau ina ji."

Hawaye ya zubo wa Rakiya, ba ta share ba.

"Kafin a ɗaga shi aka ce a cire masa riga. Yana kwance yana salati, ana yanka riga. Aka sa tiyo aka wanke jini. Aka kawo motar da ba ta da sunan kamfani."

"Me ya sa ba a kai shi asibiti ba?"

"Asibiti suna rubutawa. A ina ya faru, ƙarfe nawa, wa ya kawo shi. Mai ɗori ba ya riƙe biro."

Perpetual ta ƙara da cewa, "Bara ma haka aka yi wa Nicholas, abokin lodinsa. Wannan gidan aka kawo shi. Wannan ɗakin."

"Yana ina yanzu?"

"Kwana tara ya yi. A ƙauyensu muka binne shi."

Kaza ta zo tana tsattsagar kumfa a gefen bokiti, babu wadda ta kore ta.

"Perpetual, wa ya buga motar?"

"Ni ma'aikaciya ce, ina da yara uku."

"Na ce wa ya buga?"

"Ki tambayi maigidanki. Fuskarsa wajen take kallo, ya gani. Mijina Justice yana waje da mota, makanike ne a Apo, ba ruwansa da kamfani. In kin ce a tafi asibiti, mu tafi. Abin da zan iya ke nan."

Rakiya ta miƙe da rigar a hannu ta nufi ɗakin baya.

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya. Ƙudaje sun fi na jiya yawa. Tawfiq na jingine da bango, fuskarsa na naso da gumi, leɓensa ya bushe, amma yana ganinta ya washe baki.

"Rakiya, zo ki ji. Yau ƙafar ta daina ciwo. Tun asuba ko sukar nan ban ji ba. Na gaya miki Baba mai ɗori ya san aikinsa."

Ta ɗora masa rigar a ciki.

Murmushin ya tafi.

"Wa ya ba ki?"

"Abban Ameera, shekara bakwai muna tare ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Wane irin mashin ne ya buge ka?"

"Rakiya..."

"Baƙi ne ko ja?"

Ya kawar da kai.

"Wa ya buga motar?"

"Ƙaddara ce."

"Ban musa ba. Ƙaddarar da hannun wa ta zo?"

"Ki bar maganar nan don Allah. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Kwana huɗu ina kwashe maka fitsari. Ameera tana gidan maƙwabta tana tambaya ta ina Abba. Ina da haƙƙin in sani."

Ya ɗaga ido ga rufin kwano. Da ya buɗe baki muryarsa can ƙasa take.

"Waya ce a kunnensa. Wani babban mutum daga Maitama yana ta masa faɗa kaya sun makara. Ya fito daga ofis da sauri, bai ko leƙa ba. Ya buga."

"Wa?"

"Kin sani."

"Ina so in ji a bakinka."

"Yaya Nazeer."

Jama'a, ta sani tun a bakin rijiya. Manaja ɗaya ne a siton, wa kuma zai ce a cire riga a cire? Amma sani daban, ji daban.

"Kuma ka yi shiru."

"Da wane baki zan faɗa? Surukina ne. Shi ya tsaya aka ba ni ke lokacin da ba ni da ko keke. Shi ya ba ni aikin. In buɗe baki in ce yayan matata ne ya karya ni? A gaban wa?"

"A gabana."

"Ke ce ma wadda na fi jin kunyar faɗa wa."

Ni dai kunyar nan tamu wani lokaci haushi take ba ni. Mutum yana kwance ƙafarsa na wari, abin da ya dame shi kar ran suruki ya ɓaci.

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka rufe murfi a hankali. Rakiya ta san wannan takun tun tana ƙarama.

Muryar Nazeer ta fara isowa daga tsakar gida, a sanyaye.

"A'a, Perpetual. Ashe kin san hanyar Kuje."

"Ina kwana, oga. Dubiya na zo."

"Kin kyauta. Gobe ki same ni a ofis kafin ki taɓa littafi."

Ya yi sallama ya ɗaga labule. Farar shadda, hula zanna, ƙamshin turare. Ledar lemo da ayaba a hannu ɗaya, fayil a ɗaya. Warin ɗakin ya buge shi, ya ɗan ja numfashi ya maze.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Yaya," in ji Tawfiq, yana ƙoƙarin tura rigar ƙarƙashin filo.

Rakiya ta fizge ta, ta ɗaga.

Nazeer ya dubi rigar, ya dubi ƙanwarsa. Ko gezau. Ya ajiye lemon a gefe, ya jawo kujera ya zauna.

"Ba ki gaishe ni ba, Rakiya."

"Ina kwana, Yaya. Wannan mece ce?"

"Riga."

"Wa ya ce a yanka ta?"

"Ni."

"Wa ya buga motar?"

"Ni."

Ta zaci zai musa. Da ya musa da ta san ta inda za ta kama, amma sai ya amsa kai tsaye.

"Tunda kin ji, sai ki zauna mu yi magana irin ta manya. Kuskure ne, kuma ban yi barci ba tun ranar. Kina tsammanin daɗi nake ji?"

"Ka ce min mashin ne."

"Don in kare ki."

"Daga me?"

"Daga abin da kike shirin jawo mana yanzu." Ya buɗe fayil ya zaro takarda. "Wannan bayani ne cewa a titi abin ya faru, bayan an tashi aiki. Tawfiq zai sa hannu. Masu kamfani sun yi alkawari aikinsa na nan, in ya warke ma gadi za a mayar da shi, ba ɗaukar kaya. Za a kula da ku. Magana ta mutu."

"Asibiti za mu."

"Asibiti yankewa za su yi. Ba ki san su ba? Da sun ga irin wannan, zarto."

Tawfiq ya zabura. "Ka ji ko, Rakiya? Ni ba za a yanke min ƙafa ba. Da me zan ciyar da ku?"

"Baba ya ce kwana bakwai kafin a kwance," in ji Nazeer. "Saura uku. Haƙurin kwana uku ya gagare ki?"

"Nicholas kwana nawa aka ce ya yi haƙuri?"

Wannan ta shige shi. Ya rufe fayil ɗin a hankali, ya dubi labule, inda inuwar Perpetual take.

"Ashe hira ta yi nisa."

"Ka amsa min, Yaya."

"To bari in amsa miki." Ya sunkuyo, muryarsa ba ta tashi ba. "In kika kai shi asibiti, za su rubuta. In suka rubuta, hukuma za ta zo sito. Za su ga ƙarfen da ya karye, za su ga takardar da ta ce an gyara. Sa hannun wa ke jiki? Nawa. Na rubuta wa masu kamfani sau uku a sayo sabo, suka ce in sa hannu tukuna, kuɗi na zuwa. Daga nan a tono maganar Nicholas. Kina tsammanin su za a kama? Suna ƙasar waje da iyalansu. Ni za a kama. Kin ga dogon ginin gidan yarin nan da kuke wucewa in za ku shigo Kuje? Can za a kai ni."

Ya dafa ƙirjinsa ya ci gaba.

"Ni na biya miki makaranta bayan rasuwar Abbanmu. Ni na yi miki kayan ɗaki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Rakiya."

Tausayinsa ya kama ta, ba zan ɓoye muku ba. Yayanta ne, a kafaɗarsa ta yi wayo. Ta dube shi ta ga yadda idonsa ya faɗa, ta yarda da gaske bai yi barcin ba.

Sai ta dubi ƙafar mijinta.

Baba mai ɗori ya tafi daji neman saiwa, kuma tun ranar farko ya kafa mata doka: mace ba ta taɓa ɗori. Ta durƙusa ta ɗage tsumman da ya rufe yatsun.

"Ke, Baba ya hana," in ji Tawfiq.

Yatsun sun kumbura, sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Ta taɓa, sanyi ƙalau.

"Abban Ameera, dubi Yaya ka gaya masa abin da ka gaya min ɗazu."

Tawfiq ya juya wajen Nazeer. Rakiya ta zare fil daga gyalenta.

"Cewa na yi na samu sauƙi, Yaya. Wallahi tun asuba babu ciwo."

Ta soka fil ɗin a babban yatsa.

"Jiya kamar wuta, amma yau Alhamdulillahi."

Ta ƙara turawa har rabinsa ya shige.

"Ina ganin ma zuwa jibi zan iya gwada takawa."

Nazeer ba fuskar Tawfiq yake kallo ba. Idonsa na kan fil ɗin. Ko ɗigon jini bai fito ba.

Tawfiq ya bi idon surukinsa da kallo, ya gani.

"Rakiya, yaushe kika sa wannan?"

"Tun kana magana."

"Ban ji ba." Ya sunkuya kan ƙafar. "Ban ji komai ba."

"Baƙin ya wuce idon sawu," in ji ta. "Jiya a yatsu kawai yake. Yaya, ka yi karatu, ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Kwana uku ka ce?"



Ta miƙe ta ɗaga murya. "Perpetual, ki ce wa mijinki ya matso da mota bakin ƙofa."

Can sai suka ji takun Perpetual tana fita da sauri.

Rakiya ta sa hannu ƙarƙashin hammatar mijinta. Jikinsa zafi rau. Wannan karon bai hana ta ba, ya saƙalo wuyanta, tana jin zuciyarsa na bugawa.

"Ka yafe min, Yaya," in ji Tawfiq. "Ina da 'ya."

Nazeer ya tashi tsaye. Rakiya ta zaci ƙofa zai tare, ta riga ta shirya ture shi in ta kama. Bai tare ba. Ya matsa gefe, ya zaro waya daga aljihu ya latsa, ya sa ta a sifika, kowa na ji.

Tana ringin.

"Wa kake kira?"



Aka ɗauka. Muryar tsohuwa ce, da tarin nan nata da Rakiya za ta gane ko a cikin kasuwa.

"Nazeeru?"

"Umma, ga ta nan. Abin da na gaya miki jiya zai faru, ya faru. Ta ɗauke shi za ta kai."

Ashe mahaifiyarsu ta sani. Tun jiya ta sani.

"Rakiya."

"Na'am, Umma."

"Kina ji na?"

"Umma, ƙafarsa ta mutu. In ya kwana a nan shi ma..."

"Ban tambaye ki ba. Rai na hannun Allah, ba na hannun likita ba. Ɗa namiji ɗaya gare ni a duniya."

A waje Justice ya danna hon. Nauyin Tawfiq na kan kafaɗarta, rabin jikinsa ya bar tabarma.

"Umma, don girman Allah..."

"Ki ajiye shi, Rakiya. In kika tsallaka ƙofar ɗakin nan da shi, ban yafe miki nonona da kika sha ba."